Tankin Ruwan Gishiri a Garin Zafi: Murjani Mai Ƙashi, Mai Laushi, ko Jatan Lande da Katantanwa Tukuna?

Wanda ya ƙudura ajiye ƙaramin tankin gilashi na ruwan gishiri a Garwa, ko Marwa, ko Kusseri, ko Injamena, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya nufi murjani mai ƙashi, wanda hotunansa suka cika intanet, mai rassa da launuka masu ɗaukar ido. Ko ya tsaya a murjani mai laushi, wanda ke rausaya idan ruwa ya kaɗa shi. Ko kuma ya dakatar da murjani tukuna, ya kiwata jatan lande da katantanwa da ƙaguwa a tsakanin duwatsu da ganyen teku. Mutumin Turai yakan zaɓa gwargwadon aljihunsa da abin da ya burge shi. Mu kuwa, kafin aljihu ya buɗe baki, zafin Maris da Afrilu ya riga ya yi magana, ɗaukewar wuta ta faɗi tata, ga kuma nisan da ke tsakaninmu da inda halittun nan suke fitowa.

Murjani ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ba, dabba ce. A cikin naman jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke karɓar haske su sarrafa abinci, su ba shi mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. Idan ruwa ya yi zafi ya daɗe, sai ya fitar da su, ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta soma cinsa. A teku, ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da wuri ya saba kaiwa a lokacin zafinsa, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. An ga wannan a tekunan duniya a 1998, an gani a babban tudun murjanin Ostareliya a 2016, kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar cewa an shiga karo na huɗu na irin wannan farin a duniya baki ɗaya. Abin da ya gagari teku mai faɗi, yaya ke nan ga lita 60 a kan tebur?

Ruwan tanki ana son ya zauna tsakanin digiri 24 da 27. Digiri 28 ana jurewa in ya tsaya cak bai yi ta hawa da sauka ba. Daga 30 an shiga hatsari. Garuruwanmu kuwa a bazara zafin rana yakan kai 40 har ya zarce, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Sannan ga hunturu, lokacin da sanyin asuba kan ja ruwan ƙasa har a buƙaci na'urar ɗumama shi. Wato tanki ɗaya, fanka a Afrilu, abin ɗumamawa a Janairu.

Mu fara da murjani mai ƙashi, tunda shi ke jan hankali. Yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam da kabonet da yake zuƙa daga ruwa, don haka kullum ruwan yana raguwa da su, kai kuma kullum kana mayarwa. Kalsiyam ana riƙe shi wajen miligiram 400 zuwa 450 a lita, magniziyam 1250 zuwa 1350, alkalin ruwan kuma, wato yawan kabonet ɗin da ke cikinsa, tsakanin 7 da 11 a ma'aunin da ake kira dKH. Ba kai wa lambar ne wahala ba, riƙe ta ne. Jikin murjani cike yake da bakuna. Masu ƙananan baki irin su Acropora da Seriatopora da Stylophora, alkali ya yi tsalle sau ɗaya, ko zafi ya haura na kwana biyu, sai ka ga nama yana saɓulewa daga gindi zuwa sama, wani lokaci cikin yini guda, ya bar farin ƙashi tsirara. Suna son haske mai ƙarfi da ruwa mai gudu, haske mai ƙarfi da famfo mai ƙarfi kuma duk zafi suke ƙara wa ruwa. Kowane mako sai an yi gwaji da magungunan awo, waɗanda su ma daga waje ake kawowa, kuma zafin ɗaki yana lalata su kafin wa'adinsu. Montipora ta ɗan fi haƙuri, amma dangi ɗaya ne.

Akwai masu manyan baki da nama mai kauri, irin su Euphyllia da Duncanopsammia da Caulastraea. Waɗannan sun fi sauƙi nesa ba kusa ba: haske matsakaici, ruwa mai tafiya a hankali, kuma suna karɓar abinci a baki. Sai dai da dare wasunsu, musamman Euphyllia, sukan miƙa dogayen zaruruwa masu harbi su ƙone maƙwabcinsu. A tanki ƙarami, inda tazarar taki ɗaya ma da ƙyar ake samunta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar doka. Dukkan murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, haka ma manyan kawa na Tridacna, kuma Kamaru da Chadi duk suna cikin yarjejeniyar. Ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini daga ƙasar da suka fito. Mafi yawan murjani mai laushi ba ya cikin jerin. Wanda ya ce zai kawo maka Acropora a jaka ba takarda, ka bar masa kayansa.

Ni a ganina murjani mai ƙashi a garuruwan nan huɗu na mutum ɗaya ne: wanda yake da ɗakin da na'urar sanyaya iska ba ta mutuwa dare da rana a bazara, da sola da batir da za su ɗauke ta idan wuta ta tafi. Wanda ba shi da wannan, ba kiwo zai yi ba, sayen halitta zai yi ta yi yana kallon mutuwarta, kuma wannan ba abin da zuciya za ta yarda da shi ba ne.

Murjani mai laushi wani labari ne daban. Ba ya gina ƙashin dutse, ƙananan tsinkayen alli ne kawai a jikin wasunsa, saboda haka canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 a mako yakan wadatar da shi ba tare da ƙarin sinadarai ba. Yana son ruwa mai ɗan abinci a ciki, ba wanda aka tace ƙal ba, haske matsakaici kuma ya ishe shi, fitilar LED mai cin wuta kaɗan. Masu faifai irin su Discosoma da Rhodactis, waɗanda masu kiwo ke lissafawa a wannan rukuni, su ne suka fi kowa haƙuri da ƙarancin haske da sakacin mai su, har rarrabuwa suke yi da kansu su cika dutse. Sarcophyton da Sinularia masu kaurin fata ne. Sarcophyton yana da wata ɗabi'a mai tsorata sabon shiga: sai ya janye bakunansa duka, ya yi sumul yana sheƙi, ya kwana uku ko ya yi mako a haka, sannan wata siririyar fata ta saɓule daga kansa ya sake buɗewa fes. Wanka yake yi, ba ciwo ba ne. Ka ƙara masa gudun ruwa kaɗan, ka tsame fatar idan ta fita, ka ƙyale shi. Capnella da koren nan mai shimfiɗa, Briareum, su kuma matsalarsu yawan yaɗuwa, don haka a ba su dutsensu su kaɗai nesa da sauran.

Biyu ne a cikinsu nake jan kunne a kai. Na farko Xenia, mai buɗe hannuwa tana rufewa ba fasawa, abin sha'awa ƙwarai. Ba ta jure doguwar tafiya a leda, kuma idan zafi ya haura takan narke cikin ɗan lokaci ta ɓata ruwan tankin duka. Na biyu Palythoa da danginsa Zoanthus. Suna da kyau, suna da juriya, amma wasu daga cikinsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin mafi muni da aka sani a halitta. Yana shiga ta rauni a hannu, ta ido, ko ta numfashi idan aka zuba wa dutsensu ruwan zafi ko aka kankare shi. An sha kwantar da iyali guda a asibiti a ƙasashen waje saboda haka. Gidajenmu cike suke da yara masu son tsoma hannu. Mai ƙananan yara ya haƙura da su gaba ɗaya, wanda kuma ya ajiye ya sa safar hannu da tabarau, kada kuma ya taɓa tafasa dutsen tanki ko da wasa.

Kar dai a ɗauka mai laushi ba ya jin zafi. Shi ma da ƙwayoyin nan na gansakuka yake rayuwa, shi ma yana yin fari. Bambancin shi ne yana ba ka lokaci. Kwana biyu a digiri 29 zai tsuke, ya yi fushi, amma galibi ya farfaɗo. Wasu kuma, Sarcophyton da Sinularia, suna sakin sinadarai a ruwa don hana maƙwabta girma, shi ya sa ake ajiye jakar gawayin tace ruwa a canja ta lokaci-lokaci, kuma shi ya sa haɗa su da mai ƙashi a tanki ƙarami ba dabara ba ce.

Hanya ta uku ita ce mutane ke rainawa, ni kuwa ita na fi so ga mai farawa. Duwatsu, yashin teku, ganyen teku, da ƙananan halittu masu yawo. Ba ruwanka da fitila mai tsada, ba ruwanka da awon kalsiyam na kowane mako, kuma tankin ba ya rasa motsi. Jatan lande mai farin layi a gadon baya, Lysmata amboinensis, aikinsa a teku tsince ƙazanta daga jikin kifi. Ka tsoma wankakken hannu sai ya hau yana tsintar gefen farce. Danginsa Lysmata wurdemanni yana cin Aiptasia, wata ƙaramar halitta mai harbi da ke shigowa a jikin dutse ta addabi tanki. Katantanwar Trochus tana kiwon gansakuka a gilashi, kuma in ta faɗi ta baya tana iya birkitowa da kanta, abin da Astraea ba ta iyawa a kan yashi sai ka taimaka mata. Nassarius tana binne kanta a yashi, ɗan bututunta kaɗai ke waje, da ta ji ƙanshin abinci sai ta ɓullo. Cerithium da Nerita 'yan bakin gaɓa ne, inda rana ke dukan ruwa marar zurfi, don haka sun fi sauran sabawa da ɗumi. Wadda ake sayarwa da sunan Margarita kuwa ta ruwan sanyi ce, kada ka karɓa ko kyauta. Ƙaguwa mai zama a ƙoƙon katantanwa kuma, a zuba mata ƙoƙuna fanko masu girma daban-daban, in ba haka ba za ta kashe katantanwarka don ta gaji gidanta.

Wata safiya ɗan 'yar'uwata ya rugo yana cewa, "Kawu, jatan landenka ya mutu!" Ga shi nan kuwa kwance a yashi, da ƙafafu da gashin baki da komai, sai dai kana hango yashi ta cikinsa. Na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, saɓa ya yi. Leƙa ƙarƙashin dutsen can." Yana can a ɓoye, jikinsa da laushi, yana jiran sabon ɓawo ya yi ƙwari. Duk 'yan makonni yake yin haka, kuma a ranakun nan ne ya fi rauni, don haka tanki ya kasance da ramukan ɓuya.

Su ma suna da raunin da ya kamata mutumin nan yankin ya sani fiye da kowa. Maganin sauro, na fesawa da na kunnawa, mafi yawansa yana da sinadarin piretiroyid, wanda ke kashe jatan lande da ƙaguwa ko da ɗan ƙanƙani ne ya sauka a ruwa. Ɗakin da tanki yake, gidan sauro ake ɗaurawa, ba a fesa komai. Hayaƙin turaren wuta da turaren fesawa ma a nisanta su, hannu mai man shafawa ko sabulu kuma ba ya shiga ruwa. Sai jan ƙarfe: yana kashe duk wata halitta marar ƙashin baya, murjani ma har da shi. Da yawa daga magungunan ƙuraje na kifi da shi ake yin su, kan famfo na tagulla ma yana sakinsa. Tankin da aka taɓa zuba irin wannan magani a ciki, duwatsunsa da yashinsa sun tashi daga aiki. Sannan ba sa son canjin gishiri na farat ɗaya. Idan sun iso, a juye su da ruwan ledarsu a roba, a riƙa ɗiga musu ruwan tanki sannu a hankali kamar na awa guda kafin a saka su. Tauraron teku na Linckia, da kokwambar teku (dabba ce mai siffar kokwamba), da anemoni (dabba mai harbi, 'yar'uwar murjani, mai kama da fure), a bar su a teku ko a manyan tankuna: na farko yunwa ke kashe shi a tanki ƙarami, ta biyu wasu nau'o'inta kan saki dafi in sun mutu, ta uku kuma yawo take yi har famfo ya niƙe ta. Kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara, Amphiprion ocellaris, yana rayuwa lafiya lau ba tare da anemoni ba. A ganyen teku kuma Chaetomorpha ta fi Caulerpa aminci, don Caulerpa takan yi fari ta narke dare ɗaya.

Akwai abin da hanyoyin uku suka yi tarayya a kai, kuma a nan ne girman tanki ke shigowa. Gishirin teku giram 35 ne a lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa. Tankin lita 40 da ya rasa lita 2 a yinin hunturu, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Tankin lita 150 da ya rasa lita 2, da ƙyar ya kai 35 da rabi. Babban tanki ya fi jinkirin ɗaukar zafi, ya fi jinkirin lalacewa. Ƙananan tankunan nan na lita 20 ko 30 da ake tallatawa, na ɗakin da zafinsa ba ya motsi ne. Mu nan daga lita 100 zuwa 150 za mu kira ƙarami. Kuma abin da ya ƙafe, da ruwa marar gishiri ake cikewa, kullum, zuwa layin da ka zana a jikin gilashi.

Ruwan kansa sai an tace shi da matatar da ake kira RO, wadda ke zubar da kamar lita 3 zuwa 4 kafin ta ba ka lita ɗaya. Wanda ta zubar ya yi wanki da ban ruwan shuka. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse ba a san abin da ke cikinsu ba, ruwan sama na indararo ya wanko kwano, wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuma ya bi ta kan ƙarfe. Gishirin miya, manda, kanwa, babu mai yin wannan aiki. Sai haɗaɗɗen gishirin tanki irin na Instant Ocean, ko Red Sea, ko Tropic Marin. Mai lita 100 da ke canja lita 10 a mako zai ci kusan kilo 20 a shekara, kuma duk daga nesa za a ɗauko shi. A lissafa wannan tun kafin a sayi gilashi. Dutsen gefen hanya da yashin Binuwai ma ba su dace ba, busasshen dutsen teku da yashin aragonait, wato yashin alli na teku, ake nema. Bayan an haɗa, a bar tankin mako 4 zuwa 6 babu kowa a ciki, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye ƙazanta su kafu, awon amoniya da naitirait, gubar da ƙazanta ke haifarwa, ya koma sifili.

Idan wuta ta tafi, ba duhu ne ke kisa ba. Murjani yana iya kwana biyu ko uku ba haske. Tsayawar ruwa ce ke kisa, don ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ƙarancin iskar shaƙa, ruwan ɗumi kuma ya fi na sanyi ƙaranci, ga shi mun haɗa biyun. Cikin 'yan awoyi kifi da jatan lande ke fara galabaita, murjani mai ƙashi ya biyo baya, mai laushi da katantanwa su fi daɗewa. Maganin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Famfon juya ruwa mai cin wat 10 yana buƙatar wat-awa 240 a yini. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100, ko rabinsa kawai aka ja, ya ba da wat-awa 600, wato ya riƙe famfon fiye da kwana biyu, har da ƙaramar fanka in an rage kwanakin. Na'urar sanyaya ruwan tanki kuwa tana cin wat ɗari ko fiye, tana kuma huro zafinta cikin ɗakin. Wannan tazara ita ce ainihin tazarar da ke tsakanin hanya ta farko da sauran biyun.

Fanka da ke busa saman ruwa tana aiki ne yadda randa ke sanyaya ruwan sha: abin da ya ƙafe shi ke tafiya da zafi. Takan rage digiri 2 ko 3, kuma busasshiyar iskar Maris ta fi taimaka mata. Idan gajimare ya fara taruwa a Mayu, iska ta yi nauyi, ƙarfinta yana raguwa alhali zafi bai tafi ba. Tana kuma ninka ƙafewa, ga ƙurar hunturu da ke son a rufe tanki, rufi kuma yana riƙe zafi; raga mai ƙananan ido ita ce tsaka-tsaki. Gorar ƙanƙara a rufe ruf tana ceto a ranar gaggawa, amma ba tsarin yau da kullum ba ce, don hawa da saukar da take jawowa shi ma illa ne.

Game da nisa, gaɓar Kamaru ba ta da manyan tuddan murjani irin na Indunusiya ko Bahar Maliya, saboda ruwan daɗi da laka da koguna irin su Sanaga da Wuri ke kwararowa. Halittun nan galibi daga wata nahiya suke zuwa, kuma daga Duwala zuwa Garwa ma fiye da kilomita dubu ne a hanyar mota. A leda ba sa son wuce kwana ɗaya zuwa biyu. Katantanwa da ƙaguwa da masu faifai sun fi jure hanya, jatan lande da Sarcophyton na tsakiya, Acropora da Xenia na ƙarshe. Jirgin sama ne hanyarsu, cikin akwatin da ke riƙe sanyi, ba bayan motar haya ba.

To, yaya mutum zai san hanyarsa? Kada ya tambayi kowa, ya tambayi ɗakinsa. A watan Maris ya cika tankin da ruwan famfo zalla, ya ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma, ya kunna famfo da fitila da fanka kamar akwai halitta a ciki, ya riƙa rubuta zafin ruwan da asuba da kuma bayan la'asar har ƙarshen Mayu. Idan bai wuce 28 ba, murjani mai laushi nasa ne, bayan shekara guda ma ya gwada Duncanopsammia ko Caulastraea da takardunsu. Idan yana taɓa 29 ko 30 a ranakun da suka fi tsanani, ya tsaya a katantanwar bakin gaɓa da ƙaguwa da ganyen teku, ya ƙara iska a ruwan, jatan lande kuma sai ya ga tankin ya haye bazara guda lafiya. Idan ya wuce 31, ɗakin nan ba na ruwan gishiri ba ne. Kurungu da ƙananan kifayen kogunan Binuwai da Logon suna da kyan da ya isa a kalla, kuma sun san zafin ƙasarsu.

Mutanen Ngaundere, da ke kan tudu sama da mita dubu, lissafinsu ya fi sauƙi. Da yawansu fanka kaɗai za ta riƙe musu ruwa a bazara, abin ɗumamawa ne ma za su fi buƙata, don haka suna iya farawa da mai laushi kai tsaye, batir dai ba makawa.

Wanda ɗakinsa ya ci gwajin, ya zubar da ruwan famfon, ya wanke tankin, ya haɗa ruwan gishiri a damina ya bar shi ya nuna. Katantanwa da ƙaguwa su fara shiga idan gansakuka ta bayyana a gilashi. Odar murjani kuma a bari sai Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da akwati zai iya jira a filin jirgi ba tare da ruwan cikinsa ya dahu ba, a kuma fara da guda biyu ko uku, don su samu watannin kafuwa kafin Maris.